Madallar Inna

Zuwa ga Inna, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, daga ɗakina a Birnin Kudu zuwa makwancinki a Fagam. Na ari tawadar Malam maigidana, ko da yake na san babu fatake masu bin hanyar da kika bi.

Tun da ciwon nan ya shanye miki ɓarin jiki, kalma ɗaya ta rage a bakinki: madalla. Yunwa madalla, ciwo madalla. Iya Tabawa, wadda Yaya Habu ya ɗauko don jinyarki, ita kaɗai ta iya rarrabe su. In kin ja kalmar, a juya ki ne. In kin datse ta, ruwa kike so. Takan ce, "Inna ba ta rasa magana ba, mu ne ba mu iya ji ba." Tana shafa miki man kaɗe kullum, ko ƙurji bai taɓa fito miki ba.

Ladanta dammunan dawa ne in kaka ta yi. Shekarar da fara ta sauka, Yaya ya rage mata ladan, wai ai zama ne kawai da tsohuwa. Zama! Marayunta kuwa ba zama za su ci ba. Ta naɗe tabarmarta tana kuka, ta tafi Surko aikin sussuka.

Sai aka shiga sauye-sauyen masu jinya. Wannan ta zo, shuka ta kira ta gona. Waccan ta ga abin da ake bayarwa bai kai na dakau ba, ta tafi. Ban ga laifinsu ba, Inna. Ba su daɗe ba ne har su koyi harshenki. Kowacce ta ji madalla sai ta ɗauka godiya ce, ta koma bakin murhu.

Zuwana na ƙarshe na tarar an lulluɓe ki da sabon zane. Na riƙe hannunki, na tambaya ko ana kula da ke. Kika dube ni kika ce madalla. Wallahi da farin ciki na koma gida. Gyambon da ke bayanki sai ranar wankan gawarki na gani.

Ranar sadakar uku Iya Tabawa ta tako daga Surko. Ta ce in maimaita mata yadda kika faɗi madallar nan a zuwana na ƙarshe. Na kwaikwaya. A datse kalmar ta fito. Ta je randa ta ciko moɗa, ta tsaya da ita a ƙofar ɗakinki. Abin nan yana cin raina har gobe.

Allah ya gafarta miki, Innata, ya shayar da ke ruwan Alkausara tun kafin ki roƙa.

Autarki,
Hajara