Burodin Da Ya Tsallake Ƙofar Gavina

Asibiti, Sassari
9 ga Maris, 1986

Zuwa ga Bachisia,

Gaisuwa gwargwadon yadda aka koya mana a gida. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki da tumakinku. Kin ga ban ce Yaya ba, kuma ba mantuwa na yi ba.

Mako uku ke nan ina kwance a nan. Sun soka mini allura a gadon baya sun ɗebi ruwa, jiya kuma likita ya ba abin suna: sclerosi multipla. Ya ce ciwo ne mai cin rigar jijiyoyi a ƙwaƙwalwa da laka, kuma ba ya warkewa. Shi ne ƙafar nan da nake ja, shi ne kofunan da nake fasawa kina cewa sakaci ne. Sai ya tambaye ni ko nakan fashe da dariya ko kuka ba da son raina ba. Na ce, “Likita, ai yayata ta riga ka ba ni maganin wannan.”

In kin manta, ni ban manta ba. Ran jana'izar Baba muna tsaye bakin akwatinsa, mata na kuka, dariya ta kubce mini. Na cusa mayafi a baki, ta ƙi tsayawa, alhali zuciyata kamar ana yanka ta. Kika tsallako kika kwaɗa mini mari a gaban fada, limamin cocinmu, da dukan mutanen Nurvei. Marin na haɗiye shi. Amma ran cika kwana talatin, da kika gasa burodin sadakar Baba, kin kai kowane gida a gari, har gidan Corrias da muke gaba da su tun rikicin makiyaya. Ƙofata kaɗai kwandon ya tsallake, ina tsaye a taga ina kallo. Kin sanar da gari ke nan cewa Baba ba shi da 'ya mai suna Gavina. Tun daga ranar, duk bencin da na zauna a coci sai ya yi fili.

Ga takardar likita nan na haɗa miki. Ki karanta ta a tsanake. Ina so ta hana ki barci kamar yadda ta hana ni.

Ki huta lafiya, in kin iya.
Gavina Mureddu

Nurvei
21 ga Maris, 1986

Ƙanwata Gavina,

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar samun sauƙi, ina sanar da ke na ga saƙonki. Na karanta takardar likita sau uku, na kai wa fada ya ƙara yi mini bayani, na kuma kunna miki kyandir a coci.

Ban zo kare kaina ba, amma ki tuna abin da idona ya gani. Wata biyu ina juya Baba a gado ni kaɗai, ke kullum kina cewa kin gaji. Kin daka masa tsawa a kan miya, ke da ba ki taɓa ɗaga masa murya ba. Daga nan sai dariyar. Me kike so in ɗauka? Ban san gajiyar ma ciwo ce ba. Na yi kuskure, Allah ya yafe mini.

Mijinki Totoni ya biyo ta nan ran Lahadi, ya rame sosai. Ya ce likita ya gaya masa wannan ciwo yana canza hali, yana kawo saurin fushi da baƙin rai. Jin haka ya sanyaya mini zuciya. Don haka kalamanki masu zafi ban riƙe su ba, na san ba ke ce kike magana ba, ciwon ne.

In kin dawo zan gasa burodi biyu in ba Gwaggo Mallena, maƙwabciyarki, ta miƙo miki ta ƙofar baya, a rufe maganar cikin mutunci.

Allah ya tashi kafaɗunki.
Yayarki, Bachisia

Nurvei
2 ga Mayu, 1986

Bachisia,

Ina gaisuwa. Na dawo gida, daga tagata ina hango hayaƙin murhunki, amma ta gidan waya zan ci gaba da aiko miki, don kada ƙafata mai lafiyar ta yi kuskuren taka ƙofarki.

Ashe haka kika ƙware? Dariyar da ba tawa ba, kin ce tawa ce, kin mare ni. Fushin da yake nawa, na haife shi na rene shi wata shida, shi kuma kin ce na ciwo ne, kin shafa mini kai. Ko ta ina aka juya, ke ce mai gaskiya.

Ban musa ba, na canza. Shekaranjiya na jefi Totoni da cokali don ya tambaye ni sau biyu ko na sha magani. Ya ɗauko cokalin ya goge a wandonsa ya ce, “Gavì, da can ko akuya ba kya samu da jifa, yanzu da hannun ke rawa ne kika iya saiti?” Na so in yi masa dariya, sai kuka ya zo a maimakonta. Wata rana ina zaune lafiya lau sai baƙin ciki ya danne ni ba gaira ba dalili. Irin wannan na san shi, yana zuwa ya wuce kamar zazzaɓi. Naki daban ne. Ba ya zuwa, ba ya tafiya, yana nan zaune da hankalinsa.

Ki riƙe burodinki na ƙofar baya. A gaban gari kika cire ni, a gaban gari za ki biya. Ran cika shekara da rasuwar Baba, ki ɗauko kwandon burodin sadaka a kanki, ke da kanki, da rana tsaka bayan an taso daga coci, ki fara da ƙofata. Kuma ba zan ɓoye miki ba: zan mayar miki da shi. Kin san burodin da aka mayar ladansa ba ya isa ga mamaci, kin kuma san abin da za a ce da wadda ta gasa shi. Ki ɗanɗana tsayuwa a titi ana leƙen ki ta taga.

In ba ki zo ba, na san matsayina.

Sai wata rana.
Gavina

Nurvei
19 ga Nuwamba, 1986

Ƙanwata abin ƙaunata,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Sau biyu na zo tun ran Lahadi, Totoni yana cewa kina kwance, shi ya sa na koma ga takarda.

Ba zan yi miki ƙarya ba, da tsoro na ɗauko kwandon. Mijina ya ce, “Ke dai kina son abin kunya, Bachì, ta fa gaya miki abin da za ta yi.” Na ce ko ta mayar, ai ni na jawo. Titinku ya cika, Gwaggo Mallena har kujera ta fito da ita. Kika buɗe ƙofa da sandarki, kika ɗago hannu za ki ture kwandon, na rufe ido. Sai na ji kukanki. Gavina, ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Na rungume ki, matan titi duk suka kama hawaye, Totoni ya shiga da burodin. Yanzu ko'ina maganar ke nan, 'ya'yan Pedru Mureddu sun shirya.

Abu ɗaya ya rage. Kuka bai bar ki kin faɗi abin da mai karɓa ke faɗi ba, wato “Allah ya kai masa ladan.” Ki rubuto mini shi ko a layi ɗaya ne, hankalina ya kwanta. Kuma na gode da kika yafe mini.

Taki har abada,
Yaya Bachisia

Nurvei
23 ga Nuwamba, 1986

Bachisia,

Ina gaisuwa.

Kukan nan ba nawa ba ne. Na ɗaga hannu in ture kwandon, ciwon ya riga ni, kamar yadda ya riga ni a bakin akwatin Baba. Kina rungume da ni ina ƙoƙarin cewa ki sake ni, bakina ya ƙi.

Kada ki damu da Baba. Da aka rufe ƙofa na gutsuri burodin na ci, na faɗi kalmomin ni kaɗai. Shi bai mare ni ba, ya samu nasa.

Ke ce ba ki samu naki ba. Kin ga dariya kin yanke hukunci, kin ga hawaye kin yanke hukunci. Shekara guda fuskata kike karantawa, ba ki taɓa buɗe baki kin tambaye ni ba.

Gari na iya cewa mun shirya. In ke kina son sani, ki zo ran Alhamis hannu wofi. Ki zauna ki juya mini baya, ki tambaye ni ko na yafe, sannan ki jira amsa.

Ban ce za ki ji daɗinta ba.

Ƙanwarki,
Gavina