Ana Jiran Alhaji Ya Farka, Mu Muna Kan Hanyar Lyon

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta ƙwallon Hausawan Paris.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ina kuma sanyin bana? Allah ya ƙara girma.

Ni ne Laminu mai wanke-wanke a gidan abinci a Belleville, wanda ke bi ɗaki-ɗaki yana tara maka 'yan kallo duk ranar wasa. Na rubuta a fili ne don abin a fili ya same mu.

Na farko. Wasanmu da 'yan'uwanmu na Lyon, ranar Asabar da ta wuce. Kai da 'yan wasa da 'yan kwamiti kun hau jirgin ƙasa tun Juma'a, kowa da sabuwar rigar sanyi mai sunansa a baya, kuka kwana otel. Mu aka ba mu tsohuwar kar, wato babbar motar fasinja, ta haya wadda na'urar ɗumamarta ba ta aiki. Ba zan ɓoye ba, na ji kishi da na ga hotunanku. Na haɗiye, na ce ai su ne za su yi gudu a fili.

Na biyu, kuma shi ya sa ni ɗaukar alƙalami. Hukumar garin Bron, kusa da Lyon, inda za a yi wasan, ta rufe filin saboda guguwa da ƙanƙara, kuma ta yi daidai. Labarin ya isa wayar sakatarenka muna tsaye a Porte de la Chapelle, nan Paris, bayan sallar asuba, kar ba ta ko tashi ba. Shi da bakinsa ya gaya mini daga baya. Bai kira mu ba, wai ba a fitar da sanarwa sai shugaba ya ji, shugaba kuwa ya koma barci, ba wanda ya isa ya buga masa ƙofa. Da ka farka ka karya kumallo aka gaya maka, mun riga mun yi nisa, iska na kaɗa motar kamar kwano, manyan motoci sun tsaya jere a gefen hanya. Komawa ta fi ci gaba haɗari.

Alhaji, a Maradi aka haife ni, na san ba a gaban babba da magana. Amma a gida idan aka jira tsoho ya farka, rana ce kawai za ta ɗaga. Nan ƙanƙara ce ke sauka kan mutane.

Na uku. Mutanen Lyon nake kishi, wallahi, har cikin raina. Shugabansu, wani mahauci ɗan Chadi, mataimakinsa ne ya aika wa kowa saƙon murya tun da duhu-duhu, bai nemi izinin kowa ba: kada wanda ya fito. Ba wanda ya fito. Matansu ba su zauna da waya a hannu suna kuka ba. Mu muka iso bayan la'asar, ƙofar fili a kulle, ruwa mai sanyi na dukanmu, direba ya ce doka ta tilasta masa hutawa. Su ɗin ne suka kwashe mu zuwa masallacinsu, suka ba mu shayi da barguna. Na sha shayin ina godiya, ina kuma tambayar kaina me suka fi mu da shi.

Malam Isufu makaɗinmu, tsohon nan da ke ta da fili da gangarsa, yana kwance asibiti a Lyon, sanyi ya kama masa huhu. Ni na je har ɗakinsa na lallashe shi ya zo. Ni na ce wa matarsa kada ta damu.

Ban ce kai mugu ba ne. Lokacin da ƙanena ya rasu, kai ka tsaya har aka kai gawarsa gida, ban manta ba. Na kuma yarda cewa da an tashe ka, da ka hana mu tafiya. Abin da nake tambaya, me ya sa duk mutanenka ba wanda ya san haka?

Roƙona kaɗan ne. Ka faɗa a gaban taro cewa duk wanda ya fara jin an rufe fili ko an yi gargaɗin guguwa, ya sanar da kowa nan take, ko da shi ne ƙaramin cikinmu. A riƙa yi da murya, da Hausa, don ba kowa ke karanta Faransanci ba. Kuma ɗan kwamiti ɗaya ya riƙa shiga motarmu. An ce za a sake wasan kafin sanyi ya wuce. In ban ji wannan daga bakinka ba, ba zan ƙara buga ƙofar kowa ba.

Jiya na yi waya da Malam Isufu, da ƙyar numfashinsa ke fita. Abin da ya roƙe ni shi ne kada a gaya maka yana asibiti, wai kar a tayar maka da hankali. Na saɓa masa. Ga shi ka ji.

Allah ya ba shi lafiya, ya ja kwananka, ya ba ka mutanen da ba sa tsoron tashinka daga barci.

Wassalam.

Laminu, Belleville, Paris.