Kwana Saba'in da Ɗaya

Auta 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Yaya ƙarin haƙurinmu?

Na koma gida shekaranjiya, karon farko tun ranar da muka kai Babanku asibiti. Tun daga bakin ƙofa warin danshi ya tare ni. Ashe bututun ruwan da ya bi ta saman ɗakin karatunsa ya fashe, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Silin ya rufto a kan teburinsa. Littattafan da ya yi shekara arba'in yana tarawa sun kumbura sun manne, in kin ɗaga ɗaya goma su biyo shi. Mai gyaran famfo ya ce katakon rufin ma ya ruɓe, kada in kwana a ƙarƙashinsa.

Kada hankalinki ya tashi. Gidan yana da inshora, kuma Babanku bai taɓa fashin biya ba. Ina wurin Gwaggonki har su zo su duba.

Taki,
Mama

Auta 'yata,

Ina gaishe ki. Na ji kun sami gidan da za ku saya, Allah ya sa albarka. To ki saurara da kyau, wannan darasi da tsada na saye shi.

Ma'aikacin inshora ya zo, mutum mai ladabi. Ya ce takardarmu ta ɗauki gobara, sata, ɓarnar iska da fashewar bututu. Ba ta ɗauki ambaliya ko tsufan gini ba. Har na fara hamdala, sai ya buɗe shafi na tara. An rubuta cewa idan gida ya wuce kwana sittin a jere ba mai kwana a ciki, ɓarnar ruwa ta fita daga wuyansu. Shekara talatin ina ce wa ɗalibai su karanta tambaya har ƙarshe kafin su ɗora biro, ga ni ban taɓa wuce shafin farko ba.

Da ya ji dalilin tafiyata, sai ya ajiye bironsa. Ya ce, "Mama, ki tuna da kyau. Ko dare ɗaya kika kwana a nan, lissafin ya koma farko." Ya bar mini takardar da zan cike in sa hannu, zuwa Litinin.

Yana fita Gwaggonki ta hau ni. "Ke dai Malama, wa ya ƙirga miki? Kyankyasai ne za su ba da shaida? Mutum ya buɗe miki ƙofa, kina neman taga!" Na yi dariya, ta farko tun rasuwar Babanku. Amma tana da hujja. In ba su gyara ba, ƙarfina ba zai kai ba, sai dai a sayar da gidan.

Ki yi mini addu'a.

Mama

Auta 'yata,

Da fatan kun tashi lafiya. Na gode da kiranki, na kuma ji a muryarki abin da kika kasa faɗa.

Na zauna da takardar nan, har na zaɓi daren da zan ce na kwana a gida, wata Laraba a tsakiyar jinya. Sai na tuna a ranar ce ya daina iya riƙe kofi, ni na riƙa ɗiga masa ruwa da cokali. Na koma wata ranar, ita ma da abinta. Kwana saba'in da ɗaya na yi a kujerar roba a gefen gadonsa, ban sami ko ɗaya da zan ce ba na wurin ba.

Na rubuta gaskiya na sa hannu. Ma'aikacin ya karanta, ya tafi da ita. Amsarsu ta zo jiya: ba za su biya ba. Ban ga laifinsu ba, abin da aka rubuta ke nan. Gwaggonki ta yi fushi da ni wuni guda, da yamma kuma ta share mini ɗakinta na baya.

Ke kuma, kafin ki sa hannu a taku takardar, ki karanta ta da ƙarfi, ke da maigidanki, har layin ƙarshe. Ki tambayi abin da ba ta ɗauka ba kafin abin da ta ɗauka. In tafiya mai tsawo ta kama ku, ku sanar da masu inshorar, ku rufe ruwa daga tushe.

Masu saye za su zo dubawa ranar Asabar. In da hali ki zo kafin nan. Ba na so in nuna wa baƙi ɗakinsa ni kaɗai.

Taki har kullum,
Mama