Kiɗan da Muka Kankare wa Suna

Goggo Hermelinda,

Don Allah ki taimake ni da shawara, ko da faɗa a ciki zan karɓa. Kada ki buga sunana, duk da na san rabin unguwar Rebolo za su gane ni kafin su kai tsakiyar wasiƙar.

Gidanmu gidan piko ne. Babanmu ne ya ƙera pikonmu El Cocuyo da hannunsa, akwatin kiɗan nan da lasifikokinsa suka fi ƙofar ɗaki tsawo, wanda in aka kunna shi a titi tagogin maƙwabta ke rawa. Da Baba ya rasu, yayana Eulogio ya gaji akwatin da makirfo, ni kuma na gaji kunnen. Sana'ata ɗinki ce, kayan kanibal, bikin nan na rawa da shigar ban mamaki da ake yi a titi duk shekara, nake ɗinka wa mutane. Amma Asabar da Lahadi da la'asar sai in rufe shago in shiga bas, in bi unguwa unguwa ina neman sababbin makaɗan da ba wanda ya san su tukuna, a gareji, a bayan coci, a tsakar gidan da kaji ke yawo tsakanin wayoyi. Yawancinsu hayaniya ce kawai da son a gan su. Ina zama in ci abin da suka ba ni, in ce Allah ya ƙara basira, in tafi.

Bara a unguwar Nueva Colombia na ji wani abu daban. Bayan wani shagon gyaran fanka ne. Mai shagon, wani dattijo Dagoberto, shi ke kaɗa jita, maƙwabcinsu na buga ganga, sai 'yar ƙanwarsa Yarledis, wadda ke aiki a kantin magani, ita ce mai haɗa sautin. Takan ɗauki abin da suka kaɗa, ta yayyanka shi a kwamfuta, ta sake jerawa, ta sa masa nauyi a ƙasa. Jitar tsohon tana tafiya a hankali kamar mai saukowa daga bene da kofin shayi a hannu, gangar kuma na tunkuɗa ta daga baya. Ina tsaye da jakata a kafaɗa na saurara har ƙarshe, na ce ta sake sawa, ta sake. A nan take na ce El Cocuyo na so, kuma shi kaɗai.

Kin san al'adarmu, Goggo. Zamanin Baba, in ma'aikatan jirgin ruwa suka kawo faifai daga ƙetare, da cokali yake kankare takardar da ke kansa, kwalin kuma ya jefa a magudanar ruwa, don kada wani mai piko ya san sunan kiɗan balle ya nemo irinsa. Yanzu babu faifan da za a kankare, sai mai kiɗan ya ba ka naka, ya goge nasa a gabanka. Haka na gaya wa Yarledis. Ta ce, "Yaya, in haka ake yi, ai shi ke nan." Ta goge komai, har da jitar kawunta da ta ɗauka daban. An biya ta abin da aka yi ciniki, ba ta ce an ƙware ta ba, ni ma ban ce ba.

Ranar da Eulogio ya fara sa kiɗan, tsakar rana ce, wata mai tallar kifi da ke wucewa ta sauke daronta a tsakiyar titi ta shiga rawa, kifin na kallon sama. Tun daga ranar mutane suka sa masa suna Sauke Daro. Duk inda muka je shi ake jira. Eulogio yana ja musu rai, sai an yi ta kira sannan ya saki, yana cusa sunan El Cocuyo a tsakiya don kada a sace. Ita kuwa Yarledis na sha hango ta a irin waɗannan wuraren, tsaye kusa da mai soya arepa, wainar masarar nan, hannu a aljihu, ba ta rawa. Mukan gaisa da ka.

To, an sace ɗin. Wani Maicol, mai haɗa sauti ne shi ma, irin masu baƙin tabarau a cikin ɗaki, ya ɗauka da waya a wajen rawa, ya share muryar Eulogio, ya ƙara masa 'yan ƙararraki, ya watsa shi da sunansa. Bai tsaya nan ba, ya kai shi wani taron sababbin makaɗa da ake shiryawa kafin kanibal, aka ba shi gurbi. Yarledis ba ta sani ba, ita ma ta je da ƙungiyarta, suka kaɗa wa masu taron kiɗan nan da hannu a gabansu. Masu taron suka ce sun iya kwaikwayo, amma wannan na Maicol ne, kuma ba sa ɗaukar masu satar fasaha. Da ta dage, suka ce ta kawo asalin aikin, ko kuwa pikon da ya fara sa shi ya zo ya yi shaida. Asalin aikin ni na tsaya a kanta ta goge.

Ta same ni a shago ina ɗinka wa wani wutsiyar kada. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Yaya, ba ƙari na zo nema ba. Ki dai gaya musu inda kika samo shi." Na ce zan yi magana da Eulogio. Ta ce to, ta gyara mini zaren da ya faɗi, ta fita.

Eulogio ko kai bai ɗago ba, yana ɗaure waya. Ya ce, "Ke dai da kwashe-kwashe. Yau ki faɗi sunanta, gobe da safe masu piko biyar na layi a ƙofar mai fankar nan, kowa da kuɗinsa. Da me za mu shiga karon Asabar?" Akwai karon kiɗa da za mu yi da wani babban piko kafin kanibal, kuma gaskiya Sauke Daro ne makaminmu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, ƙaryar Maicol daɗi take masa, wai tana tura abokan hamayya ƙofar da ba ita ba. Ya ce Baba bai taɓa faɗin sunan faifai ba har ya mutu, ko Mama ba ta sani ba, kuma in na buɗe baki kada in ƙara matsowa kusa da akwatin.

Ni ba mai kuka ba ce, Goggo, kuma ban ga na karya wata doka ba. Kowa haka yake yi. Eulogio ne ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, keken ɗinkin da nake ci da shi ma shi ya saya mini. Ban da shi ba ni da kowa. Kuma ni na gano yarinyar nan, ba don ni ba da har yau fankoki ne kawai ke sauraronta. Amma abin yana damuna. An kira ta ɓarauniya a gaban kawunta, kuma na ji ya daina taɓa jitar. Masu taron za su rufe karɓar suna ƙarshen watan nan. In yi magana in rasa yayana, ko in yi shiru ta haƙura, tunda matashiya ce, za ta yi wani?

Mai Kunne, daga Rebolo

*

'Yata Mai Kunne,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma faɗan da kika ce za ki karɓa kaɗan ne, kada ki damu.

Bari in fara da yayanki, don ba mugu ba ne. Tsoronsa na gaskiya ne. Piko da kiɗan da ba kowa ke da shi ba yake rayuwa, kuma mutumin da ke ɗauke da sunan mahaifinsa a kan titi duk mako yana da dalilin riƙe abin da ya samu da hannu biyu. Na yi rawa a gaban El Cocuyo tun babanku na da baƙin gashi, na san abin da akwatin nan yake a wurinku.

Amma ki duba abin da babanku yake kankarewa. Sunayen mutanen da ke can bayan teku ne, waɗanda a garuruwansu kowa ya san su, kuma cokalinsa bai rage musu komai a can ba. Ba wanda ya taɓa kiransu ɓarayi saboda shi. Ku kuwa kun ɗauki al'adar kun ɗora wa yarinyar da bas ɗaya ke kai mutum ƙofar gidansu, wadda ba ta da wani gari da aka san ta sai wannan. Ta sayar muku da damar ku sa kiɗan ku kaɗai, kuma ta cika alkawari har da wuce gona da iri. Ba ta sayar muku da cewa ita ta yi shi ba, wannan ba a sayar da shi.

Sirrin da Eulogio ke tsaro ma ya riga ya fita. Kiɗan yana cikin wayar kowa da sunan Maicol. Shirunku yanzu ba ya kare El Cocuyo daga komai, Maicol kaɗai yake karewa.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Ki fara zuwa wurin Yarledis, ba wurin yayanki ba, ki gaya mata za ki yi shaida, ki kuma tambaye ta ko za ta yarda ta haɗa muku sabon kiɗa na karon Asabar, wanda ku kaɗai za ku riƙa sawa na wani lokacin da kuka yi yarjejeniya, da sunanta a kai, kuma ba za ta goge komai ba. In ta ƙi, hakkinta ne, shaidar dai na nan. In ta yarda, sai ki je wa Eulogio da abu a hannu. Ki nuna masa cewa masu piko biyar ɗin nan za su gano ƙofarta ko ba jima, kuma ranar da suka gano, za ta tuna wanda ya tsaya mata da wanda ya bari aka ci mutuncin kawunta. In shi ya ɗauki makirfo ya faɗi sunanta a gaban jama'a, girman nasa ne. Ki ba shi wannan damar da farko, cikin ladabi, kamar yadda ƙanwa ke yi.

In ya ƙi, ki gaya masa ranar da za ki je wurin masu taron, don kada ya ji a bakin wani, sannan ki je kafin a rufe. Zai yi fushi. Wataƙila ki yi kanibal ɗin bana nesa da akwatin, kuma zai yi miki ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai ban ga mai pikon da ya daɗe yana gaba da kunnensa ba, balle in kunnen ƙanwarsa ce. Fushin yaya yana hucewa. Sunan ɓarauniya a ƙaramin gari irin na makaɗa ba ya saurin goguwa, kuma tsohon da ya ajiye jita ba kullum yake sake ɗauka ba.

Saura ɗan faɗan. Kin ce ke kika gano ta. Gaskiya ne, kuma kunnenki abin yabo ne. Amma ina jin akwai daɗin da kike ji na zama ke kaɗai kika san hanyar gidan, ki bincika zuciyarki a kan wannan. Kin ba ni labarin daron kifi, da wutsiyar kada, da tabaran Maicol, kin gaya mini sunan da titi ya sa wa kiɗan. A duk tsawon wasiƙar ba ki gaya mini sunan da ita ta sa masa ba, kuma ina zargin ba ki taɓa tambaya ba. Kafin komai, in kin isa shagon fankar, wannan za ki fara tambayarta.

Allah ya daidaita tsakaninki da yayanki, ya bar miki kunnenki, ya kuma sa mu ji jitar Dagoberto bana.

Goggo Hermelinda