Kada a Raba Na'urar Kaset da Kwamfutarta

Ni Ireen Kapembwa, matar marigayi Bashi Chilekwa, wato baban Chilekwa, mai ofishin awon filaye a garin Kitwe, na rubuta wannan da hankalina garau. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiyarsa ƙalau. Zuwa gare ku 'ya'yana, Chilekwa da Nkweto da Lombe. Da kuna zuwa, da baki zan faɗa muku. Tunda ba kwa zuwa, ga shi a rubuce.

1. Gida naku ne ku uku, kada a sayar. Zannuwana da tukwanena a bar wa dangina su raba bayan an binne ni, kamar yadda aka saba. Kada ku yi jayayya da kowa a kan tsumma.

2. Amma ranar rabon nan a kulle ofis. Akwai babbar kwamfuta a ɗakin baya, da na'urar kaset a gefenta. Kawunku Mpundu ya daɗe da sa wa na'urar ido. Duk zuwan da zai yi sai ya shafa ta ya ce, "Yaya, wannan rediyon naki har yanzu bai koyi waƙa ba?" Na san idan na rufe ido shi zai fara sunkutar ta, wani kuma ya ɗauki kwamfutar, kowa ya ce ya sami abin tunawa da ni. To ku ji da kyau. A cikin kwamfutar nan taswirar kowane fili take, tun na farkon da ubanku ya auna. Kowace Juma'a wata manhaja tana kwafe su zuwa kaset don ajiya. Lasisin manhajar da muka saya na kwamfuta ɗaya ne da na'ura ɗaya, kuma lambobinsu ne a jikinsa. In an raba su manhajar ba za ta yi aiki ba, kaset ɗin da ke cikin kabad su zama tarkace. A ba Mpundu rediyon ɗakina, shi yana waƙa.

Kun san Bana Mutale, wato maman Mutale, mai sayar da ƙananan busassun kifin kapenta a kasuwa. Da mijinta ya rasu, maƙwabci ya tumɓuke dutsen iyaka ya matsar da shi har bakin ƙofarta. A lokacin kwamfutarmu ta lalace. Daga kaset muka dawo da taswirarta, da ita ta tsaya a gaban hukuma, yau tana cikin gidanta. Irinta suna da yawa, kuma ba su san da ɗakin baya ba. Amanarsu ce zan bar muku.

3. Chilekwa, da na ce maka lokacin sabunta lasisi ya zo, cewa ka yi, "Haba Mama, akwai na banza a intanet, kowa shi yake sawa." Ban haifi kowa ba, kai na haifa. Sata sata ce ko babu mai gani. Ranar da kaset ya ƙi buɗuwa, wa za ka kira, ɓarawon? Kai kuma Lombe, ka ba abokinka lambar lasisinmu ya sa a shagonsa, har kamfanin ya dakatar da mu, na yi ta ba da haƙuri da furfurata. Lasisi ba fartanya ba ce da ake ara wa maƙwabci. Kada a sake.

4. Chilekwa da Lombe, ku daina gaba a kan ofis, ɗaya na cewa a sayar, ɗaya na cewa shi zai gada. Ba a sayarwa, kuma Nkweto ce za ta riƙe. Babba ya fara kiran ƙarami. In kun ƙi, kada ku tsaya kusa da juna a bakin kabarina kuna yi wa mutane kukan ƙarya.

5. Wannan shi ne mai nauyin. Lasisin da sunana yake. Kamfanin ya ce ba zai mayar da shi sunan wani ba sai ni da mai karɓa mun sa hannu a gaban wakilinsu, ina raye. In na riga na mutu, sai an bi ta kotu, kafin nan wa'adinsa ya ƙare. Nkweto, kin ce in ɗauki hoton takardar in turo miki Lusaka. Ba a karɓar hoto. Ke ake so.

Har yanzu ina zuwa ofis ranar Juma'a. Ina sa kaset, in zauna ina sauraron kukansa har ya gama, in dawo gida in tuƙa nshima, tuwon masara, na mutum ɗaya. Dā ubanku ne yake zama tare da ni. Ba ƙorafi nake yi ba, ina faɗa muku ne don ku sani.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su riƙa leƙo ku. Na yafe muku duka. Ku riƙe juna, don bayana ba ku da kowa sai ku. Nkweto, har yanzu hannuna yana iya riƙe biro. Ki shigo mota.

Mahaifiyarku,
Ireen Kapembwa