Ranar da Inna Ta Faɗi Sunanka

Zuwa ga Yayana Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Amatullahi da yara, ya sassauta maka ciwon gwiwar nan, ya sa albarka a kasuwa. Mu nan Gumel lafiya lau. Gero ya shiga rumbu, riɗi ma ba laifi. Ƙanwarmu Zubaida ta sauka lafiya, an samu mace. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da na shekara goma ina yi maka dariya a kan ba ka iya buɗe saƙon waya ba. Karanta dai, za ka ga abin da ya mayar da ni ga biro da takarda, har na damƙa amanata ga Ɗantsoho direba, da zai yi lodin shanu gobe Alhamis a Maigatari ya nufo Fatakwal.

Ka san aikina, koyar da ilimin zamantakewa. Bana na ɗauko bincike a kan gidajen da 'ya'yansu maza suka tafi nema kudu ko ƙetaren iyaka, daga Gumel da Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar. Da can jaka muke cikawa da takardun tambaya, gara ta ci rabi, akuya ta taimaka da sauran. Yanzu da waya ake ɗaukar murya, a zuba a kwamfuta, a ɗora a wata ma'ajiya ta intanet, ɗalibai su saurara daga inda suke su mayar da maganar rubutu. Akwai darasin da nake yi musu duk shekara a kan amana: a cire suna, a ɓoye gari, kada muryar wanda ya yarda da kai ta fita. Da murtuke fuska nake yin sa, har da ɗaga yatsa, kuma na kayar da mutane a jarrabawa saboda shi.

Kafin mu fara fita, na ce bari in gwada tambayoyin, sai na tafi ƙauye na sami Inna tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ta tambaye ni wa zai ji. Na ce mata babu kowa sai na'ura, ita kuwa ba ta da dangi, ba ta zuwa biki. Ta amsa komai har muka zo tambayar ƙarshe, wato wa ta fi kewa cikin waɗanda suka tafi. Nan ta koma kan ɓarar gyaɗarta. Ba sai na tuna maka ba, kai ne ɗan fari, tun da aka haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba. A da wancan take ce maka, yanzu ka zama mutumin Fatakwal. Ana kiran La'asar, sai na ajiye wayar a kan tabarma na ce in tana da magana ta gaya wa na'urar, ni na tafi masallaci. Da na dawo na kashe, na sa wa fayil ɗin suna Gwaji, ban ko saurara ba, don na ɗauka ƙarar ɓawon gyaɗa ce kawai a ciki.

Bayan wata biyu na kwashi hirarrakin gaba ɗaya na ɗora wa ɗalibai, har da Gwaji. Ya faɗa hannun Hidaya, 'yar Gagarawa, wadda ta fi kowa himma a ajin. Ganin ba shi da lamba kamar sauran, ta ɗauka ba ya cikin bincike. Ta ce da ta ji sai da ta yi hawaye, shi ne ta tura wa mahaifiyarta. Ƙanwar mahaifiyar kuwa a ƙauyenmu take aure. Kwana uku ya ishe shi ya zagaye wayoyin matan gari. Kada ka ga laifin Hidaya, ta zo ofis ta faɗa min komai, ni ne na rasa inda zan sa idona. Mu da muke koyarwa cewa intanet ta haɗa duniya, mun manta dangin uwa sun riga ta. Ni kaina a wayar matata Munira na fara jin muryar mahaifiyata.

Yaya, na daɗe ina juya ko in gaya maka abin da ke ciki, don faɗar ma wata cin amana ce. Abu ɗaya zan faɗa, saboda shekara talatin kana maimaita shi cikin raha, ni kuma na san ba raha ba ce. Ranar da za ka tafi, kowa ya raka ka bakin hanya ban da Inna, ta ce tana da daka. To ta gaya wa na'urar cewa da muka fita, ta bi ta bayan gida ta ratsa gonar Baffa Ilu, ta tsaya bayan gawon nan na bakin titi har motar ta wuce, ta ga hularka, ta jira ƙura ta kwanta sannan ta koma ta ɗauki taɓarya. Sau uku ta kama sunanka, cikakke, a hankali, kamar mai gwada takalmin da ta daɗe da ajiyewa.

Ranar sunan 'yar Zubaida abin ya fashe. Goggo Kyauta, taubashiyar Inna, ta tsaya tsakar gida ta kwaikwayi muryarta ta kira sunanka sau uku, mata suka kwashe da dariya har da guɗa. Ba da mugunta aka yi ba, wasu ma daga dariyar suka koma share ido. Amma Inna ta tashi ta ɗauki mayafinta ko tuwo ba ta taɓa ba. Yau mako shida ba ta leƙa taron kowa ba, ita da ba a girkin biki sai ta ɗanɗana gishiri. Ni kuwa tana amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa ta ma'aikacin ƙidaya.

Juma'ar da ta wuce na je na durƙusa na faɗi laifina tun daga farko. Na ce na goge daga kwamfuta da ma'ajiyar, amma na wayoyin mutane ya fi ƙarfina. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta daɗe tana tsince riɗi a faifai, sannan ta tambaya ko abin ya kai Fatakwal. Na ce a iya sanina bai kai ba. Sai ta ce ashe na'urar tamu ba ta da wayo, ta shiga kowane gida a garin nan, ta bar gida ɗaya. Daga nan ta ce in tashi rana na yi. Na yi digiri biyu a kan fassara maganar mutane, amma har yanzu ban san ko izini ta ba ni ko tsawa ta yi min ba. In na yi kuskure da wannan takarda, laifina ya zama biyu.

Roƙona gare ka, ka zo Babbar Sallah, shekara huɗu rabonka da gida ta yi yawa. In ka zo ka gaishe ta yadda ka saba, za ta kau da kai yadda ta saba. Kada ka nuna ka san komai, kada ka kalli gawon nan in kuna tare da mutane. Zama kawai za ka yi a ƙofar ɗakinta ka ɗan jima. Wataƙila in ta ga ba abin da ya rushe, ta sake fita cikin mata.

Ka gaishe min da Yaya Amatullahi, da Nasrullahi da Rahama, da Malam Lado maƙwabcinka. Munira da Zubaida suna gaishe ku. Ɗantsoho zai ba ka wani ƙullin leda tare da takardar nan, kantun riɗi ne. Ranar Juma'ar nan ina kan babur zan tafi Inna ta biyo ni zaure da shi, ba ta kalle ni ba, ta ce in an samu mai zuwa a kai wa wancan.

Ƙaninka mai neman afuwarku, kai da ita,
Sabi'u