Ina Buƙatar Sabis ɗin Yelwa

Assalamu alaikum Yaya Abdulbaqi,

Ina fata kuna lafiya, kai da Anti Zubaida da yara. Yaya ƙafar Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ni lafiya lau nake a nan Jamus, sai dai kwanan nan na kasa zama wuri ɗaya. Ka san aikina: gyara manhajar da ke sauko da sauran manhajoji ta girka su a kwamfuta. Matsalarta, da sabis ya yanke ana tsakiyar aiki, sai ta watsar da komai ta koma farko. Na yi mata gyara yadda za ta ɗora daga inda ta tsaya. To amma a garin nan sabis ba ya yankewa, ba a ɗauke wuta! Na zare wayar intanet da hannuna na mayar, shugabana ya ce wannan ba gwaji ba ne. Kuma da wannan gyaran masu kamfanin za su duba ko za su riƙe ni a aiki. Kada Mama ta ji.

Don Allah Yaya, zan turo maka manhajar ka gwada a shagon kwamfutarka na Yelwa, da yamma, lokacin da ɗalibai suka cika, sabis yana rarrafe. In ta ƙi, ka kira ni nan take.

Ko ta yi ma, ka kira ni. A nan layi ba ya yankewa, amma babu mai kira.

Ƙanwarka,
Amatullah